Mita Ɗaya, Ɗaki Goma Sha Huɗu, da Babur Mai Cin Wuta

Gidanmu na Oforikrom a Kumasi ɗaki goma sha huɗu ne, mita kuwa ɗaya tal. Tun rasuwar Baaba ni aka ɗora wa littafin wuta. Ni ke bi ɗaki-ɗaki in ƙirga kwan fitila da fanka da talabijin da firji, in ba kowane makinsa, sannan in raba kuɗin da za a zuba wa mita. Aiki ne da ba a gode maka. Mai dutsen guga na tura shi ƙarƙashin gado da ya ji takuna, mai tukunyar shinkafa ta lantarki kuwa ta rantse ba ta kunna ta sai da salla.

A haka muke lallaɓawa har ranar da ɗan yayata ya shigo tsakar gida a kan babur marar ƙara, yara na bin sa suna neman inda hayaƙi ke fita. Kamfanin kai saƙo ne ya ba shi, yana biya kaɗan-kaɗan. Da daddare ya zaro doguwar waya ta tagar ɗakinsa ya jona. Ba a yi mako uku ba mita ta soma kuka, alhali kuɗin wata guda muka zuba. Da na duba soket ɗin, bakinsa ya yi baƙi ya narke.

Hajiya ta ɗakin ƙofa ta tare ni kafin in kai masallaci. "Malam, ni fitila biyu gare ni da fanka. Yanzu ni zan riƙa saya wa yaron nan mai?"

Shi kuma ya ce, "Kawu, ai bai kai cin firji ba."

Ai kuwa ya wuce cin firji. Batirin irin wannan babur na ɗaukar yunit biyu zuwa huɗu a cika ɗaya, kuma kullum sai an cika. Hukumar da ke yanka farashin wuta da ruwa, PURC, ta tsayar da rangwamen masu ƙaramin ƙarfi a yunit 30 a wata tun 2022. Gidan haya mai mita ɗaya dama tuni ya tsallake wannan iyaka, don ana lissafa mu kamar gidan attajiri guda. Babur ya zo ya ƙara mana kaya. To ina ga mota, wadda batirinta ke shan yunit 40 zuwa 60?

Wannan rigima ce ta sa na zauna da mai aikin wuta na unguwarmu ya fahimtar da ni abin da ake kira cajar gida. Soket ɗinmu na bango amfiya 13 ne, iyakarsa wajen kilowat 3, kuma an yi shi ne don guga ta minti ashirin, ba don ya kwana yana ja ba. Mota mai yunit 50 sai ta kusa yini da kwana a jikinsa. Cajar da ake kafawa a bango kilowat 7 take bayarwa, ta cika motar tsakanin isha da asuba. Amma tana jan amfiya 32, kamar a kunna dutsen guga bakwai lokaci guda har gari ya waye. Sai an ja mata waya mai kauri tun daga allon mita, da abin yanke wuta nata na kanta, da wayar ƙasa mai kyau. Dokar haɗa waya ta 2011 ta ce mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi ne kaɗai zai taɓa irin wannan aiki. Ya ɗaga kai ya dubi wayoyin da Baaba ya sa tun muna yara, ya yi dariya, ya ce akwatin cajar shi ne mai arha a cikin lissafin.

Ƙasashen da suka riga mu sun gane haka, shi ya sa gwamnatocinsu ke ɗaukar wani kaso. A Amurka an yi tsarin rage wa mutum haraji da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kafa caja, har dala 1,000, kafin dokar Yulin 2025 ta yanke masa wa'adi zuwa ƙarshen Yunin 2026. Wannan bai burge ni ba. Ragin haraji sai mai cike takardar haraji, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi ba ta san hanyarsa ba. Na Ingila ya fi jan hankalina. Can an daɗe ana biyan kashi 75 cikin ɗari, har fam 350, kai tsaye ta hannun mai kafawa. A watan Afrilun 2022 sai suka cire masu gidan kansu, suka bar tallafin ga 'yan haya da mazauna ɗakunan bene, aka kuma ware wani ga masu ba da haya. Wato sun lura mai katanga da gareji zai kafa ko ba a ba shi sisi ba. Ɗan haya ne ke maƙale.

Mu fa? Hukumar Makamashi ta fara kiran mutane ga motar lantarki tun 2019. A Nuwamban 2023 ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya karanta kasafin 2024, ya ce an yafe kuɗin fito na shekara takwas ga motocin lantarki na haya, da kuma sassan da kamfanoni masu rajista ke shigowa da su don harhaɗawa a nan. Watan da ya biyo baya shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya ƙaddamar da manufar ƙasa kan motocin lantarki a taron sauyin yanayi na Dubai. Ba laifi. Sai dai wannan rangwame a tashar jirgin ruwa ta Tema yake tsayawa, tsakanin ɗan kasuwa da kwastan. Daga Tema zuwa bangon ɗakin ɗan yayata akwai tafiya.

Ba wai ƙasar nan ba ta iya tallafin da ke shiga har cikin ɗaki ba. Na ga uku da idona. A 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, gwamnati ta raba kwan fitila mai tsimin wuta miliyan 6 kyauta, ana karɓar tsohon a ba ka sabo. Ba takarda, ba tambayar wa ke da gida, shi ya sa ya ratsa Zongo ɗaki-ɗaki. A 2012 aka zo da musayar firji: ka kai tsohonka mai zuƙar wuta, a rage maka kuɗin sabo. Wannan ma ɗan haya ya iya ci, don firji nasa ne, in ya tashi da shi zai tashi. Na uku shi ne na 2016, bayan dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya gasa mu, lokacin da aka ce za a ba gida faifan sola har wat 500 in ya sayi batir da inbata da kansa. Nan aka bar mu a baya. Rufin na magada ne, mu goma sha ɗaya, batir kuma ya fi ƙarfin mai ɗaki ɗaya.

Caja ta fi kama da na ukun. A bango take, bangon kuma ba na mai babur ba ne. Don haka in ana son tallafa wa unguwa irin tamu, ni dai a ganina daga mita za a fara. A sauƙaƙa wa gidan haya samun mita ta biyu ta caji kawai, a ɗauki wani kaso na sabunta waya, a ba mai gida dalilin yarda. Kuma a daina hango mota mai ƙofa huɗu. Wanda zai fara cin wutar nan a Oforikrom da Aboabo da Anloga ɗan babur ne da mai pragya, wato keke mai ƙafa uku, masu kashe rabin cinikinsu a gidan mai. Lungunmu ma mota ba ta shiga. Tana kwana bakin titi ne, mai gadi na dubawa, kuma ba wanda zai ja waya ta tsallake kwata uku.

Wutar kanta ta matso kusa. Injinan samar da wuta na AMERI da aka kawo lokacin dumso an kwaso su daga Aboadze an kafa a Anwomaso, nan bayan jami'ar KNUST, aka buɗe tashar a Afrilun 2024 don ƙarfafa wutar Kumasi da arewa. Amma taransifomar unguwa ita ce dai ta jiya. Ƙarfe bakwai na yamma, in kowa ya kunna nasa, fankata juyawa take kamar mai jin barci. A ƙasashe da dama ana rage farashin wuta bayan tsakar dare don masu caji su jira layi ya huce. Wannan tallafi ne da ba ya bukatar a raba wa kowa kuɗi.

Mu dai ba mu jira kowa ba. Mai aikin wuta ya ja sabuwar waya daga allo zuwa zaure, ya sa soket mai ƙarfi da 'yar ƙaramar mita irin wadda ake sa wa masu shago. Yaron ya biya rabi, na ciro rabi daga kuɗin gyaran gida, sauran magada na ta gunaguni. Sharaɗi ɗaya na kafa: ba jonawa sai bayan sha ɗaya na dare. Duk ranar Juma'a ina karanta lambar in rubuta a shafinsa na daban. Hajiya ba ta yarda da karatuna ba, sai ta sa jikarta ta haska da waya ta sake karantawa da ƙarfi. Makon jiya wani mai pragya na makwabta ya yi sallama, yana tambaya ko zauren zai ɗauki biyu in ya sauya zuwa na lantarki. Na ce ya bari in tambayi mai aikin wuta tukuna, sannan in tambayi Hajiya.