A WATA ƘASA UBA AKE KIRA KAKA

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal da sauran garuruwan Kudu, yau ga wani labari da zai ba ku dariya da farko, amma in kuka yi haƙuri kuka kai ƙarshensa za ku ga akwai abin lura a ciki.

Ina da wani ɗan ƙane, haifaffen Dagauda, garin nan da ke cikin ƙaramar hukumar Dambam ta Jihar Bauchi, a kan hanyar Azare zuwa Fataskum. Karatu ya kai shi ƙasar Turkiyya, aka haɗa shi ɗaki ɗaya da wani saurayi mutumin ƙasar Turkmenistan. Ran nan sai abokin ya ciro hoton mutanen gidansu, ya nuna wani magidanci ƙaƙƙarfa ya ce, "Kakam." Yaronmu ya ce a ransa, lalle wannan kaka da sauran ƙuruciyarsa. Sa'an nan abokin ya nuna wani tsoho mai farin gemu ya ce, "Babam," ya nuna wata tsohuwa tukuf ya ce, "Mamam." Nan fa kan yaro ya ɗaure. Yaya za a yi uba ya girmi kaka?

Ashe a harshen Turkmen, kaka shi ne uba mahaifi. Baba kuwa shi ne kaka na wajen uwa, mama kuma matarsa, watau kakar mutum wadda ta haifi uwarsa. Harafin "m" da ke ƙarshe shi ne "nawa", kamar yadda mu ke liƙa "na" mu ce babana. Abin da ya ƙara rikita yaron shi ne, a harshen Turkiyya da ya ke koyo a makaranta baba uba ne, daidai da namu, alhali kuwa harsunan biyu dangin juna ne na kusa.

Ita dai Turkmenistan tana tsakiyar nahiyar Asiya, tana iyaka da Iran da Afghanistan da Uzbekistan da Kazakhstan, tekun Kasfiya kuma na yamma da ita. Babban birninta Ashgabat, galibin ƙasar kuwa hamada ce da ake kira Karakum. Tana cikin Tarayyar Sobiyet har zuwa 1991 da ta sami 'yancin kanta. Yawancin mutanenta Musulmi ne, kakanninsu makiyaya ne masu tumaki da raƙuma da dawaki.

Daga ranar nan yaron ya ɗaura niyyar koyon harshen, kuma da sunayen dangi ya fara. Da ya zo hutu ya biyo ta wurina a Agege, ya nuna mini takardar da ya zana. Ga abin da na kwafo, na rubuta shi yadda kunnen Bahaushe zai ji. Uwa ita ce eje. Kaka namiji na wajen uba shi ne ata, matarsa ene. Na wajen uwa, kamar yadda muka faɗa, baba da mama. Wa shi ne aga, ƙane kuma ini, akwai kuma jigi da ake kiran na baya da shi. Ɗan'uwan uwa dayi, 'yar'uwar uwa dayza. Ɗa ogul, 'ya giz, jika agtik, amarya ko matar ɗa gelin.

Dabarar da ya bi mai sauƙi ce. Bai tsaya haddace kalmomi a jere ba. Takarda ya raba biyu, dama dangin uba, hagu dangin uwa, ya rubuta sunayen mutanen gidanmu na Dagauda, ya sa wa kowa sunansa na Turkmen a gefe. Ya ce da ya ɗora kalmar dayi a kan fuskar kawunsa na Azare, bai sake mance ta ba.

To, abin da ya ja hankalina shi ne, mutanen nan sun raba dangin uba da na uwa, har kakanni huɗu kowa da sunansa. Mu Hausawa kaka ɗaya mu ke da ita ga duka huɗun, sai dai a ce na wajen uwa ko na wajen uba. Amma a kan 'yan'uwan iyaye mu ma mun raba. Wan uba ko ƙanensa baffa ne, ɗan'uwan uwa kawu, 'yar'uwar uba gwaggo, 'yar'uwar uwa inna. Kalmomin nan daga Fulatanci muka same su, kuma ba abin mamaki ba ne su zauna daram a bakin mutanen ƙasar Katagum da Misau da Dambam, inda Hausawa da Fulani da Barebari da Karekare suka daɗe suna cuɗanya da auratayya.

Har kunya ma akwai inda muka yi kama. A al'adar Turkmen amarya takan rufe bakinta da gefen ɗankwali a gaban surukanta, suna kiran wannan yashmak. Mu kuma mace ba ta faɗin sunan miji ko na ɗan fari. A wurin Yarabawa, matar aure ba ta kiran yaran da ta tarar a gidan miji da sunansu na yanka, sai ta laƙaba musu wani.

Yanzu bari mu komo kanmu, mu da neman abinci ya kawo Kurmi. Tun 1916 aka kafa unguwar Sabo a Badun, amma har yau za ka sami mutum ya shekara 20 a cikin Yarabawa, abin da ya iya bai wuce ƙidayar kuɗi da tayin kaya ba. Alhali kuwa sunayen dangi ba su da wuya. Uba baba, uwa iya, ɗa ko 'ya omo, miji oko, mata iyawo, suruki ana. Kakanni kuwa baba agba da iya agba, watau babban uba da babbar uwa. Su Yarabawa girma su ke dubawa, ba namiji ko mace ba: duk wanda ya girme ka cikin 'yan'uwa egbon ne, wanda ka girma kuma aburo. Saboda haka in maƙwabcinka ya ce ga aburo ɗinsa, kada ka ɗauka lalle uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, mai yiwuwa ɗan baffansa ne. A ƙasar Ibo kuma uba nna, uwa nne, ɗan'uwa nwanne, watau ɗan uwa, daidai da yadda muka gina tamu kalmar. 'Yar fari ada, ɗan fari okpara, dangin uba kuwa umunna.

Duk wanda ya taɓa zaman haya ya san amfanin wannan. Ran da ka gaida tsohuwar mai gida da iya, ka yi mata jam'i irin na girmamawa kamar yadda mu ke ce wa manya "ku", ran nan za ka ga fuska ta sake. In kuwa rigima ta taso a kasuwa, wanda ya san wane ne egbon a cikin masu magana ya san wanda zai fuskanta a kashe wutar.

Amma babban abin da ke damuna yana cikin gidajenmu. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan sun tashi da kalmomi biyu kacal, ankul da anti. Baffa ankul, kawu ankul, mai shagon bakin layi ankul, direban da ke kai su makaranta shi ma ankul. Bara na kai 'yata gida ganin dangi. Wana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya fito da murna ya tarye ta, ta dube shi ta ce, "Sannu ankul." Bai ce kome ba, amma da dare ya kira ni gefe ya ce, "Ashe ni da mai sayar da burodi ɗaya mu ke a wurin yarinyar nan?" Ban sami abin da zan ce masa ba, don laifin ba nata ba ne.

Kada wani ya ce ai suna ne kawai. Kowane suna da hakkin da ke rataye da shi. A shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya da mu ke bi, baffa yana cikin waɗanda kan zama waliyyin aure in babu uba da na kusa da shi, yana kuma cikin asaba masu cin ragowar gado. Kawu, duk da kusancinsa da tausayinsa, ba ya cikin wannan layi. Larabci ma ya raba su, ammu daban, khalu daban. Haka nan ɗan gwaggo da ɗan kawu su ne taubasai, abokan wasa, waɗanda a da galibi a cikinsu ake ƙulla auren zumunci. Yau in mutum ya faɗi ya mutu a Ikko, aka kwashi iyalinsa zuwa Dagauda ko Azare, yaron da bai san baffa daga kawu ba, ƙofar wa zai fara ƙwanƙwasawa?

Shawarata ga magidanta ita ce mu ari dabarar yaron nan. A sami takarda a raba ta biyu, a rubuta dangin uba da na uwa, kowa da sunansa da matsayinsa da garin da ya ke. In za a buga waya gida, a miƙa wa yaro a ce ga gwaggonka, ga baffanka, ya faɗa da bakinsa. Iyaye mata su ne kan gaba a wannan aiki, don su ke wuni da yara. Mu kuma manya mu daure mu koyi kalmomi goma na masu masaukinmu, matambayi ba ya ɓata.

An ce zumunta a ƙafa ta ke. Gaskiya ne, amma ƙafa ba ta zuwa inda baki bai san sunan mai gidan ba. Ita 'yar tawa yanzu ta iya, har takan gyara wa ƙannenta. Shi kuwa ɗan ƙanen nawa, tun da ya komo ya ke tsokanar ubansa da kiransa kaka, uban kuma ya ce in ya sake sai ya nemi wanda zai biya masa kuɗin makaranta.

Allah ya bar zumunci, ya kai kowa gida lafiya, amin.