Ƙuri'a Don Falasɗinu: Yadda Cinikin Ya Kaya A Amurka Da Ingila

Tun daga watan Oktoban 2023 da yaƙin Gaza ya ɓarke, da wuya a kunna rediyo a rumfunan Jibiya, Birnin Ƙonni, Maigatari ko Kusiri ba a ji labarin Falasɗinawa ba. A ranar 7 ga watan ne mayaƙan Hamas suka kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila, suka kuma tafi da kusan 250, sannan Isra'ila ta shiga ruwan wuta a kan Gaza, har ma'aikatar lafiya ta yankin ta ce waɗanda aka kashe sun haura dubu 70 kafin ƙarshen shekarar 2025. Tambayar da ke biyo bayan addu'a da alhini ita ce: talaka mai ƙuri'a ɗaya tak yana da abin da zai iya yi? A shekarar 2024 masu zaɓe a Amurka da Ingila sun gwada amsa wannan tambaya da akwatin zaɓe, kuma tunda yanzu ƙura ta lafa, muna ganin ya dace mu zauna mu yi lissafin riba da faɗuwa.

Bari mu fara da garin Diyabon da ke jihar Mishigan ta Amurka, inda hedikwatar kamfanin motoci na Ford take. Garin na da mutane kimanin dubu 110, fiye da rabinsu kuwa asalinsu daga ƙasashen Larabawa ne, irin su Labanan, Yaman, Iraƙi da Falasɗinu, da yawansu masu kantuna ne da gidajen abinci da gidajen mai. A zaɓen 2020 sun ba Joe Biden kusan kashi 69 cikin 100 na ƙuri'unsu. Da suka ga gwamnatinsa na ci gaba da tura makamai, tana kuma hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya idan aka kawo batun tsagaita wuta, sai suka nemi hanyar da za su ja kunnensa tun kafin babban zaɓe.

Hanyar da suka samu ita ce zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat a ranar 27 ga Fabrairun 2024. A takardar zaɓen Mishigan akwai wani gurbi da mutum zai dangwala don ya nuna bai tsayar da kowa ba. Masu shirya gangamin sun ce ko ƙuri'a dubu 10 suka samu sun gode, domin kusan da wannan adadi ne Donald Trump ya ci jihar a 2016. Da aka ƙirga sai ga ƙuri'a sama da dubu 100, wato kimanin kashi 13 cikin 100. A yaren kasuwa, an taya kayansu sun ce albarka, kuma sun faɗa da ƙarfi yadda kowa ya ji.

Sai dai mai saye bai ƙara ko sisi ba. Biden ya janye daga takara a watan Yuli, Kamala Harris ta karɓi tuta, amma a babban taron jam'iyya da aka yi a Shikago cikin watan Agusta, wakilan wannan gangami sun roƙi a ba Bafalasɗine ɗan Amurka 'yan mintoci ya yi magana a kan mumbari, aka hana. Har kwana suka yi a zaune a ƙofar zauren. A nan ne kawunan jama'a suka rabu. Shugabannin gangamin suka ce ba za su mara wa Harris baya ba, amma kuma suna gargaɗi a kan Trump. Magajin garin Diyabon, Abdullah Hammoud, ya ƙi ɗaga hannun kowa. Shi kuwa takwaransa na garin Hamtaramik, Amer Ghalib, ya fito fili ya bi Trump, wanda ya tako ƙafa har Diyabon ana saura 'yan kwanaki zaɓe yana alƙawarin kawo zaman lafiya.

Sakamakon 5 ga Nuwamba a Diyabon ya nuna Trump da kimanin kashi 42, Harris 36, sai Jill Stein ta jam'iyyar masu kare muhalli da kashi 18. Abin lura shi ne, a wannan rana da wannan akwati, mutanen garin sun sake zaɓen Rashida Tlaib, 'yar majalisa mai asali daga Falasɗinu, da rinjaye mai yawa, alhali ita ma 'yar Dimokurat ce. Ke nan da mutum suke faɗa da abin da ya aikata, tutar jam'iyya ba ta dame su ba.

To me aka samu? Ya kamata mu faɗi gaskiya biyu. Ta farko, ko da Harris ta ci Mishigan da kujerunta 15 na wakilan zaɓe, ba za ta zama shugaba ba, domin Trump ya tashi da 312 ita kuma 226, kuma tsadar abinci da kuɗin haya sun taka rawa a ko'ina cikin ƙasar. Ta biyu, wanda aka juya aka ba ƙuri'ar yana da tarihi a rubuce. Shi ne ya amince da Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila a 2017, ya mai da ofishin jakadancin Amurka can a 2018, a wannan shekarar kuma ya yanke tallafin hukumar UNRWA mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, ya rufe ofishin ƙungiyar PLO a Washinton. Yana komawa mulki a Janairun 2025 ya saki manyan bama-baman da Biden ya riƙe, a ranar 4 ga Fabrairu kuma, Netanyahu na tsaye kusa da shi, ya ce Amurka za ta karɓe Gaza a kwashe mutanenta zuwa wasu ƙasashe. Tsagaita wutar da aka fara ranar 19 ga Janairu ta rushe a watan Maris. Masu kare shi za su ce ai shi ne ya matsa har aka cim ma yarjejeniyar Oktoban 2025 wadda aka yi musayar fursunoni a ƙarƙashinta, kuma wannan gaskiya ne. Amma tsakanin Maris da Oktoban nan an binne dubban mutane, har masu auna yunwa na duniya suka ayyana matsananciyar yunwa a birnin Gaza a watan Agusta.

A ganinmu, mutanen Diyabon ba su yi laifi ba da suka ƙi sallamawa a farashin wulaƙanci. Inda aka yi tuntuɓe shi ne wajen waɗanda fushi da dillali na farko ya sa suka miƙa kaya ga na biyu ba tare da ko kafin alƙalami ba. Duk ɗan kasuwa ya san ba a ba mutum bashi don daɗin bakinsa, littafin bara ake buɗewa a ga yadda ya biya.

Akwai kuma wani abu da ya sa cinikin Amurka ke da wuya. Dala biliyan 3.8 da ƙasar ke ba Isra'ila duk shekara na tafiya ne bisa yarjejeniyar shekara 10 da gwamnatin Obama ta sa wa hannu a 2016, wadda za ta ƙare a 2028, kuma manyan jam'iyyun biyu duk sun tsaya a kanta. Ɗaya ɓangaren ma ba barci yake ba. A zaɓen fid da gwani na 2024, reshen ƙungiyar AIPAC mai kare muradun Isra'ila ya kashe sama da dala miliyan 14 don kayar da Jamaal Bowman a Niyok, da sama da miliyan 8 a kan Cori Bush a Misuri, dukkansu masu sukar yaƙin ne, kuma dukkansu sun faɗi.

A Ingila labarin ya sha bamban, dalili kuwa tsarin zaɓen ne. An kasa Birtaniya gida 650, kowace mazaɓa na da masu zaɓe wajen dubu 70, wanda ya fi kowa ƙuri'a ko da ɗaya ce shi ne ɗan majalisa. Saboda haka unguwa biyu ko uku idan suka haɗa kai suna iya tuɓe babban mutum. Fushin ya samo asali ne daga wata hira da Keir Starmer, shugaban jam'iyyar Leba, ya yi a rediyo a Oktoban 2023, inda aka fahimci yana cewa Isra'ila na da ikon yanke wa Gaza ruwa da lantarki, ko da yake daga baya ya ce ba haka yake nufi ba. A watan Nuwamba kuma ya hana 'yan jam'iyyarsa goyon bayan ƙudurin tsagaita wuta nan take, amma 56 daga cikinsu suka bijire.

A zaɓen 4 ga Yulin 2024, Leba ta yi gagarumar nasara da kujeru sama da 400, amma 'yan takara biyar masu zaman kansu da suka ɗauki batun Gaza sun shiga majalisa. Shockat Adam, mai aikin gwajin ido, ya kayar da Jonathan Ashworth a Lesta ta Kudu da ƙuri'a 979, alhali ana sa ran Ashworth zai zama minista. Adnan Hussain ya ci Bilakbon da ratar 132 kacal, Ayoub Khan ya ci wata mazaɓa a Bamingam da 507, Iqbal Mohamed ya ci Diyusbiri da Batli, shi kuma Jeremy Corbyn ya riƙe kujerarsa a Landan bayan jam'iyyar ta kore shi. Wes Streeting, wanda aka naɗa ministan lafiya bayan zaɓen, da ƙuri'a 528 ya sha da ƙyar.

Kujera biyar cikin 650 ba ta kafa doka, amma tsoro ya shiga zukatan 'yan majalisa da dama da suka ga ratarsu ta koma 'yan ɗaruruwa. A watan Yulin ne sabuwar gwamnati ta maido da tallafin UNRWA, a Satumba ta dakatar da lasisi kusan 30 daga cikin kimanin 350 na sayar wa Isra'ila makamai, duk da cewa ta keɓe kayan gyaran jirgin yaƙi na F-35, sannan a ranar 21 ga Satumban 2025 Birtaniya ta amince da ƙasar Falasɗinu, tare da Kanada da Ostareliya da Fotugal, Faransa ta biyo baya washegari. Ba ƙuri'ar Lesta kaɗai ta jawo haka ba, hotunan yara masu yunwa da matsin Faransa sun yi aiki, amma ba mu ga yadda za a cire ta daga lissafi ba.

Nan ma an so a yi kuskure. Jess Phillips na cikin mutum 56 ɗin nan, har muƙaminta na jam'iyya ta ajiye don ta kaɗa ƙuri'ar tsagaita wuta, amma a Bamingam saura ƙuri'a 693 a kayar da ita, don kawai tana riƙe da tutar Leba. Idan wanda ya tsaya da wanda ya noƙe hukuncinsu ɗaya ne, gobe wa zai tsaya?

Na Niyok kuwa a taƙaice ne. Zohran Mamdani, haifaffen Kampala, bai taɓa ɓoye goyon bayansa ga Falasɗinawa ba, kuma ya ci zaɓen magajin gari a Nuwamban 2025, amma abin da ya riƙa yi wa jama'a magana a kai dare da rana shi ne kuɗin haya, motar bas da tsadar cefane.

Mai karatu zai ce mu a nan ina ruwanmu, tunda ba mu ƙera bam ba mu da kujerar na-ƙi? Akwai ranar da ƙuri'ar yankinmu ta yi nauyi. A ranar 30 ga Disamban 2014 aka kawo ƙuduri gaban Kwamitin Sulhu na sa wa'adin kawo ƙarshen mamayar yankunan Falasɗinu. Ana buƙatar ƙuri'a 9, aka samu 8. Cadi ta ce e, Nijeriya kuwa a ƙarƙashin Goodluck Jonathan ta ƙaurace, ita da Ruwanda da wasu ƙasashe uku. Da an kai tara, da sai Amurka ta fito ta hau kujerar na-ƙi kowa na kallo, amma aka hutar da ita. Haka nan Nijar ta yanke hulɗa da Isra'ila a 2002 zamanin Tandja Mamadou. Cadi, wadda ta yanke tata tun 1972, ta maido da ita a Janairun 2019 lokacin da Netanyahu ya sauka Injamena wurin Idriss Deby, ɗansa Mahamat ya buɗe ofishin jakadanci a Isra'ila a Fabrairun 2023, ya kuma kira wakilinsa gida a Nuwamban shekarar saboda yaƙin. Sudan ta sa hannu a yarjejeniyar ƙulla hulɗa a Janairun 2021. Afirka ta Kudu, wadda akasarin mutanenta Kiristoci ne, ita ce ta kai Isra'ila Kotun Duniya a Disamban 2023, abin da ya isa ya tuna mana cewa batun na haƙƙin ɗan Adam ne, kuma a Gaza an kai wa coci-coci hari kamar yadda aka kai wa masallatai.

Duk waɗannan matakai daga fadar shugaban ƙasa suka fito. Kansila ko magajin gari ko ɗan majalisar jiha da zai rataya gyalen Falasɗinawa ya shigo kasuwa lokacin kamfe ba shi da hannu a abin da jakada zai yi a Niyok, abin da ke hannunsa shi ne rumfa, magudanar ruwa, harajin kasuwa da hanyar da motocin kaya ke bi, kuma a kansu ya kamata a tsare shi. Ɗan takarar shugaban ƙasa da na majalisar tarayya su ne za a tambaya yadda za su kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, da wa za su ƙulla cinikin makamai da kayan leƙen asiri, da kuma abin da suka ce ko suka yi a 2014 da 2023 idan suna kan wata kujera a lokacin. A Nijar an rushe jam'iyyu a watan Maris na 2025 aka ba mulkin soja wa'adin shekara biyar, don haka tambayar sai ta jira. A Nijeriya kuwa akwai zaɓen 2027, kuma fadar da ke umurtar jakada ita ce dai ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wata shida bayan an gama zaɓe, ta sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Wanda albasarsa ta ruɓe a bakin iyakar Illela a waɗancan watanni yana da tambaya ta biyu da zai haɗa da ta Gaza a zama ɗaya.