Shirin Musamman: Yadda Noma Ya Kafu a Gaɓar Tafkin Chadi

A arewa maso gabashin Najeriya akwai wani dogon tudun yashi da ya ratsa ta Bama da Maiduguri, wanda masana ke kira Tudun Bama. Wannan tudu tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi ce. Shekara dubu 6 zuwa 7 da suka wuce, lokacin da damina ke da ƙarfi kuma Sahara ke da ciyawa da tafkuna, ruwan Chadi ya malale fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita dubu 350, har igiyarsa na tara yashi a nan. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa da wannan tudu suke fara lissafi, domin kafin su tambayi abin da mutane suka shuka, sai sun gano inda ruwa ya tsaya, da lokacin da ya ja baya, da irin ƙasar da ya bari.

Mutanen wancan zamani ma'abota ruwa ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da katako. Da aka tono shi gaba ɗaya a 1994, aka ga kwale-kwale ne da aka sassaƙa daga itacen maɗaci, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma kusan dubu 8. Babu wani jirgin ruwa da aka samu a Afirka da ya girme shi.

Da tafkin ya janye, ya bar ƙasa iri biyu. Kusa da tudun akwai jigawa mai kwazazzabai da ke riƙe ruwa bayan damina. Can gabas kuma, wajen Dikwa da Ngala, akwai baƙar laka da ake kira firki. Tun farkon shekarun 1990 masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ciki har da Peter Breunig da Katharina Neumann, tare da takwarorinsu na Jami'ar Maiduguri, suka shiga bin jigawar nan suna tantance kufai ɗaya bayan ɗaya. Al'ummar da suka gano sun sa mata sunan ƙauyen Gajiganna.

Mutanen Gajiganna sun iso wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, da shanu da tumaki da awaki. Zangonsu na farko bai bar tudu ba, sai 'yan tsingaro a warwatse, alamar ba su daɗe a wuri guda. Kifi suke kamawa, suna tsintar ƙwayar ciyayin daji har da shinkafar daji. Yankin ba shi da duwatsu, don haka duwatsun niƙa da gatura daga nesa ake kawo su, har daga tsaunukan Mandara, sauran kayan aiki kuma da ƙashi ake yi.

Shaidar noma a jikin tukwane ta ɓuya, kuma nan ne aikin ya fi ban sha'awa. Mai ginin tukunya kan cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi don kada ta tsage a wuta. Idan aka gasa, ƙaiƙayin ya ƙone, amma siffarsa na nan daram a cikin yumɓun. Mai bincike sai ya ɗauki tsingaron, ya duba ɗan ramin da madubin ƙara girma. Geron daji da zarar ya nuna yake zubar da ƙwayarsa da kansa, kuma inda ta rabu da zangarniya yakan yi sumul. Geron gida kuwa sai an sussuka, don haka ɗan tsinken da ke riƙe ƙwayar yakan fito a karye. Da wannan ɗan bambanci aka gane cewa wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa geron gida ya shiga tukwanen Gajiganna. Ba a nan aka fara horar da shi ba. An samu wanda ya girme shi da sama da shekara dubu a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali. Ya zo ne a matsayin ƙari kan kiwo da su da tsinta, ya ɗauki ƙarnoni kafin ya zama abincin yau da kullum. Sannu a hankali kuma kufan suka zama tuddai, domin gida na rushewa ana gina wani a kansa.

Wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa abin ya kai wani matsayi a Zilum, arewa da Maiduguri. Na'urar da ke auna maganaɗisun ƙasa ta nuna, ba tare da an sa fartanya ba, gari mai faɗin kusan hekta 12, da rami zagaye da shi, da ɗaruruwan ramuka, da yawansu na ajiyar hatsi. Gero da wake ake nomawa. Wanda ya haƙa rami ya kewaye gari, tabbas yana da abin da yake tsoron a ƙwace.

Firki labarinta daban. Da damina takan zama tabo, da rani ta bushe ta tsattsage, don haka mazaunanta kan 'yan tuddai suka zauna. A Daima, kusa da iyakar Kamaru, Graham Connah ya yi tono a tsakiyar shekarun 1960 a wani tudu da ya haura mita 10, duk tarin zaman mutane ne na sama da shekara dubu. Dawa ba ta bayyana a can ba sai a saman tudun, bayan haihuwar Annabi Isa da ƙarnoni. Daga baya manoman firki suka ƙware a noman masakwa: a yi kunyoyi su tare ruwan damina, a reni iri a gefe, idan ruwa ya janye a huda laka da sanda, a zuba ɗan ruwa, a dasa. Danshin da lakar ta riƙe shi ke kai dawar har girbi a ƙarshen hunturu.