Cimaka a kan hanya: yadda matafiyi zai ƙoshi ba tare da ya sayi cuta ba

Tsakanin Madarunfa da Maradi bai kai tafiyar kilomita 30 ba, amma mutane da yawa da suke bin hanyar da asuba ba sa komawa gida sai magariba. Ƴan kasuwa, ƴan kabu-kabu, direbobi, ma'aikata da ɗalibai, da masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, duk a waje suke karin kumallo, a waje suke cin na rana. Wanda ya hau motar Yamai kuwa, sama da kilomita 600 ne a gabansa, abincinsa kuma sai abin da aka miƙo ta taga a Konni ko a Doso. Ga irin waɗannan mutane, tuwon dare ne kawai ke fitowa daga tukunyar gida. Sauran lafiyar cikinsu tana hannun masu tebur da masu talla, da kuma yadda su da kansu suke zaɓe.

Haɗari biyu ne, ba ɗaya ba

Na farko mai gaggawa ne: ciwon ciki, zawo, taifot, kwalara. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta a shekarar 2015 cewa mutum miliyan 600 ne gurɓataccen abinci ke kwantarwa kowace shekara a duniya, 420,000 kuma su rasu. A Afirka kaɗai, mutum miliyan 91 ke kamuwa, 137,000 su riga mu gidan gaskiya.

Mutanen Madarunfa sun san wannan ba a takarda ba. A watan Yulin 2018 ne aka gano masu cutar amai da zawo na farko a gidan likitar N'Yelwa, cikin wannan gunduma. Kafin annobar ta lafa, sama da mutum 3,000 sun kamu a Nijar, gommai sun rasu, kuma gundumar Madarunfa ce ta fi kowace jin jiki. A 2021 cutar ta sake dawowa jihar Maradi. Ƙwayar kwalara ta ruwa da abinci take shiga, kuma ƙafar matafiyi ce ke kai ta daga gari zuwa gari.

Haɗari na biyu a hankali yake zuwa: hawan jini da ciwon sukari. Shi ba ya kwantar da mutum ranar da ya ci abincin. Shekaru yake yi yana taruwa cikin gishiri, sukari da mai.

Zafi, ruwa da hannu

Kafin a sayi abinci a tasha ko a kasuwa, abu na farko da za a duba shi ne zafinsa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma shawarar OMS ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, lalacewar ta fi haka sauri. Ƙosai ko awara da aka kwashe daga mai a gabanka, waina daga tanda, ɗan wake daga tukunya, tsire ko kifin tafki da ya sauko daga wuta yanzu, sun fi shinkafa da miyar da aka dafa da safe aka bar ta cikin roba har la'asar. Shinkafa tana da nata sharri: akwai ƙwayar da ke tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta.

Abu na biyu shi ne ruwa, kuma ba na sha kawai ba. Ruwan da aka dama fura da shi, wanda aka jiƙa zoɓo, wanda aka yi ƙanƙara da shi, wanda ake ɗauraye kwanoni tun safe ba a canza ba, duk cikin mutum suke ƙarewa. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita kawai take yi. Kunun aya kuwa, duk da daɗinsa da amfaninsa, saurin lalacewa gare shi, musamman cikin tsofaffin goruna da aka tsinto aka sake cikawa. Mafi sauƙi shi ne mutum ya fito da gorarsa daga gida da ruwan famfo, ko wanda aka tafasa, ko wanda aka sa wa ƙwayar Aquatabs. Nonon fura ma gara a tambaya ko an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyen nono na iya ɗauko tarin fuka da zazzaɓin da ake samu daga shanu.

Na uku hannu ne, na mai saye da na mai sayarwa. Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki ba wanke hannu ba ne, rabon datti ne. A zuba daga buta, da sabulu. A kuma lura ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke damƙar nama.

Kayan lambu da kayan marmari suna bin wannan ƙa'ida. Lemu, ayaba da mangwaron da mutum zai ɓare da kansa sun fi kankanar da aka yanka aka bar wa ƙuda. Salak da tumatir na lambunan Jiratawa alheri ne, amma wanda za a ci ɗanye gara a kai shi gida a wanke shi sosai.

Gishiri, sukari da mai

OMS ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, sukari kuma kada ya wuce kimanin giram 50. Gwangwanin lemon kwalba ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 35. A haɗa da kofin kafe da madarar gwangwani mai zaƙi na safe, da shayin fada zagaye uku da rana, sai a ga an ninka ƙa'idar tun kafin la'asar. Dunƙulen ɗanɗano kuma kusan rabin nauyinsa gishiri ne, ga shi cikin miya, ga shi cikin yaji, ga shi cikin taliyar leda da ƙwai.

Ba a ce a daina zuwa wurin mai shayi ba. A ce masa ya rage sukari, a zaɓi burodi da ƙwai ko da wake maimakon burodi da mayonez, a bar lemon kwalba ya zama na wani lokaci. Man da ya yi baƙi saboda yawan suya, a wuce shi.

Guzurin iyaye da kakanni

Fataken da suka bi waɗannan hanyoyi kafin zuwan mota ba su dogara da tasha ba, guzuri suke ɗaurewa. Yawancin abin da suke ɗauka yana nan har yau, kuma ƙasar Maradi ce ke noma shi: aya, soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, sai dabino da kilishi. Busasshen abu ba ya saurin lalacewa, yana kuma riƙe ciki. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci dai a zubar, domin gubarta hanta take taɓawa.

A ɓangaren ganye, kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli ko dambun zogala na sabuwar dahuwa suna cikin abinci mafi gina jiki da ake samu da kuɗi kaɗan. Shinkafa da wake ta fi farar shinkafa, furar gero marar sukari ta fi biskit. Kuma kada a fita da ciki wayam: da ruwan ciki ake jan na rijiya, mai jin yunwa kuwa ba ya zaɓe, abin da ya fara gani yake saye.

Idan ciki ya ɓaci a hanya

Abin da ke kashe mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara shan ruwan gishiri da sukari nan take, wato SRO da ake samu a farmasi da gidajen likita. Idan babu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A guji ƙwayoyin ƴan tebur. Idan zawon ya zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko amai ya hana ruwa zama, ko kuma ƙaramin yaro ne ko mai ciki, a sauka a CSI mafi kusa, kada a ce sai an isa gida. Kwalara na iya kashe babban mutum cikin awoyi kaɗan, kuma wanda ya ƙarasa da ita gida, iyalinsa ya kai wa.