Tsohon Akwatin Kafinta: A Gyara Shi ko A Adana Shi?



Tambayar da za mu duba a yau ita ce: idan mutum ya gaji tsohon akwatin kayan kafinta, shin ya gyara shi ya ci gaba da aiki da shi, ko kuwa ya bar shi yadda ya same shi? Tambayar tana da nauyi, domin abin da aka kankare daga jikin tsohon katako ba ya dawowa.

Bari mu fara da misali daga Ingila. A shekarar 1796 wani kafinta na garin Chatham, Joseph Seaton, ya saya wa ɗansa Benjamin kayan aiki wajen ɗari biyu daga Christopher Gabriel na birnin Landan. A 1797 Benjamin ya ƙera musu akwati, ya kuma rubuta sunan kowanne da kuɗinsa. Yawancinsu ba a yi wani aikin kirki da su ba. Akwatin ya koma gidan adana kayan tarihi na Guildhall a Rochester, kuma daga gare shi masana ke gane yadda zarto da kurfi suke fitowa daga hannun maƙeri a ƙarni na 18. Duk wanda ya wasa bakin kurfi ɗaya daga ciki, to ya share shaida ke nan.

To, amma akwatuna irin wannan kaɗan ne. Galibin waɗanda ake gada na masu neman abinci ne, an sha wasa ƙarafunsu, an sha sake musu ƙota. Irin waɗannan zama ne ke kashe su: laima ta kawo tsatsa, ƙwari su huda katako, alhali hannun mai aiki kullum yana gogewa yana shafa mai.

Saboda haka sai a fara da bincike. A duba ko akwai sunan mai shi, ko tambarin maƙeri, ko takarda, ko kuma kayan suna nan cif yadda aka tara su. In haka ne, a nemi shawarar masu adana kayan tarihi kafin a taɓa kome. In ba haka ba, a gyara a yi aiki da shi, amma bisa sharaɗi guda: kada a yi gyaran da ba za a iya warwarewa ba. A share ƙura, a shafa kakin zuma, kada a kankare tsohon fenti. Wajen haɗi a yi amfani da gam ɗin fata irin na dā, domin ɗumi da ruwa suna sake shi. Guntun da aka cire a ajiye shi cikin akwatin, a rubuta abin da aka yi da ranar da aka yi shi.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Sharaɗin dai shi ne mu miƙa akwatin ga na bayanmu da tarihinsa cikakke.