Labarin Makarantun Birnin Atlanta da Awon da Aka Yi wa Algus

Ga labarin makarantun gwamnati na Atlanta, babban birnin Jihar Jojiya a ƙasar Amurka. Dalilin kawo shi kuwa, a can aka ga abin da yakan faru idan an mai da sakamakon jarrabawa shi kaɗai ne ma'aunin malami da ɗalibi.

Al'adar Amurka ita ce a raba ƙasa gunduma-gunduma domin sha'anin ilmi. Galibi kowace gunduma da majalisarta wadda mutanen wurin suke zaɓa, majalisar kuma ta naɗa shugaba guda wanda dukan hedimastoci ke ƙarƙashinsa. Babban rabo na kuɗin makarantu daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Gundumar Atlanta ta buɗe makarantunta a 1872, majalisarta mutum tara ce, ɗalibanta kuwa a yanzu kimanin 50,000 ne.

Ba za a gane sakamakon yaran nan ba sai an san ko su wane ne. Tun farko makarantun birnin a rabe suke, na Turawa dabam, na baƙar fata dabam. Sai da aka kai 1924 kana baƙar fata suka sami sakandaren gwamnati ta farko, watau Booker T. Washington, inda Martin Luther King ya yi karatu. A 1954 Kotun Ƙoli ta Amurka ta haramta wannan rabo, amma Atlanta ba ta motsa ba sai ran 30 ga Agusta 1961, sa'ad da yara tara baƙar fata suka shiga sakandare huɗu na Turawa. Daga nan Turawa suka yi ta kwashe iyalansu suna komawa garuruwan kewaye, inda wasu gundumomi ke iko, daga baya masu hali daga cikin baƙar fata suka bi sawu. Ɗaliban da suka haura 100,000 a ƙarshen shekarun 1960 suka yi ta raguwa har suka koma kamar rabi. Wajen 2009, huɗu daga kowane yara biyar baƙar fata ne, kuma kimanin uku daga huɗu 'ya'yan talakawa ne, waɗanda ake ba abincin rana kyauta ko da rangwame. Masu dukiya sun tattaru a arewacin birnin, wajen unguwar Buckhead, talauci kuwa ya yi kanta a kudu da yamma.

Cikin wannan hali aka kawo wata mace, Beverly Hall, haifaffiyar Jamaika, ta zama shugabar makarantun a 1999. A Janairun 2002 kuma Shugaba George W. Bush ya sa hannu a wata doka wadda ta wajabta a jarraba kowane yaro daga aji uku zuwa aji takwas, kowace shekara, a karatu da lissafi. Dokar ta ce a bayyana sakamakon baƙar fata dabam, na matalauta dabam, kada ƙwazon 'ya'yan masu hali ya rufe gazawar sauran. Wannan niyya mai kyau ce. Amma fa dokar ta ƙara da cewa zuwa 2014 lalle dukan yara su ci, makarantar da ta yi ta kasawa kuwa ana iya sauke malamanta ko a rufe ta. Ita kuma shugabar ta ɗora wa kowace makaranta nata adadin. Wanda ya cika a ba shi ladan kuɗi, wanda ya kasa ya shiga haɗarin rasa aiki. A taron shekara da akan yi a babban filin wasan birnin, waɗanda suka cika adadi su ke zama a gaba, waɗanda suka kasa a tura su kujerun can baya, kowa na gani.

Nan da nan sakamako ya tashi. A wata makarantar midil mai suna Parks, cikin wata unguwar matalauta, yaran aji takwas da suka ci lissafi suka tashi daga kashi 24 cikin 100 zuwa 86 a shekara guda, masu cin karatu kuma daga 35 zuwa 78. Duk wanda ya taɓa zaunar da yaro a gabansa ya san ilmi ba ya irin wannan tsalle. Amma aka yi ta yabo, har a 2009 aka zaɓi Beverly Hall ta zama shugabar makarantu mafi daraja a dukan Amurka a wannan shekara.

Masu magana sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. 'Yan jaridar birnin su suka fara nuna cewa alkaluman nan hankali ba ya ɗaukarsu. Jarrabawar irin wadda yaro ke cike amsa da fensir ce, na'urar da ke duba takardun kuwa tana iya ganin gurbin da magogi ya bari. Da aka ƙidaya, sai aka tarar a ajujuwa da yawa an goge amsar kuskure an sa ta daidai, da yawan da ba zai yiwu a ce yara ne suka yi ba. Gwamna Sonny Perdue ya sa a yi bincike a 2010, magajinsa Nathan Deal ya fitar da rahoton a Yulin 2011. Daga makarantu 56 da aka bincika an sami ha'inci a 44. An ambaci mutum 178, cikinsu har da hedimastoci 38, kuma 82 sun amsa laifinsu. A wasu wurare malamai kan taru bayan an tashi, su rufe ɗaki, su bi takardu ɗaya ɗaya suna gyarawa. A wasu kuma akan zaunar da yaro mai rauni kusa da mai ƙwazo domin ya kwafa.

A 2013 aka gurfanar da mutum 35. Mutum 21 suka amsa laifi aka sassauta musu, biyu suka rasu kafin hukunci, ɗaya daga ciki Beverly Hall ce, wadda ta rasu a Maris 2015 tana musun cewa ta san abin da ake yi. Sauran 12 aka yi musu doguwar shari'a ta watanni, ran 1 ga Afrilu 2015 aka kama 11 da laifi, aka sallami ɗaya. Uku daga manyansu an yanke musu ɗaurin shekara bakwai, daga baya alƙalin ya mai da shi uku.

To, wa aka cuta? Yaran. An ɗaga yaro zuwa aji na gaba da takardar da ke cewa ya iya karatu, alhali bai iya ba, iyayensa kuma suna murna. Makarantar Parks ɗin nan, saboda sakamakonta ya nuna wai ta warke, sai ta rasa taimakon dala 750,000 wanda ake ba makarantu masu rauni. Kuɗin da za a koya wa yara da shi ke nan ƙarya ta cinye.

Sai dai adalci ya sa a faɗi abu biyu. Na ɗaya, akwai wata jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya wadda baƙi daga waje ke gudanarwa, malaman gida ba sa riƙe takardunta, ita ma ta nuna yaran Atlanta sun ci gaba a waɗannan shekaru, sannu a hankali. Ashe akwai aikin gaskiya da ake yi, algus ne ya zubar da mutuncinsa. Na biyu, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamin da ya goge amsa ya ci amana, babu shakka. Amma wanda ya ɗora wa makarantar matalauta abin da ba ta iya ɗauka, ya ce ko ta halin ƙaƙa a kawo, shi ma yana da nasa rabo. A Disamban 2015 Amurka ta sake waccan doka da wata mai sauƙi, gundumar kuma ta shirya ƙarin karatu ga yaran da abin ya shafa. Masu gama sakandare a kan lokaci, waɗanda kimanin rabi ne a 2012, sun haura kashi 80 cikin 100 a 2022. Tazarar da ke tsakanin arewacin birnin da kudancinsa kuwa har yanzu ba ta rufe ba.

Saboda haka, ya kai mai ɗa a makaranta, idan an kawo maka sakamako ka tambayi abu uku: su wane ne yaran, daga ina suka faro, wa kuma ya riƙe takardun bayan an gama. Sa'an nan ka zaunar da ɗanka, ka miƙa masa littafi, ka ce ya karanta maka shafi guda da ƙarfi. Wannan awo babu mai iya sa masa magogi.