Ƙudujin Wake: Ɓarawon da ke Aiki a Ƙarƙashin Ƙasa

Manomi zai shiga gonarsa bayan an sha ruwa, ƙasa jiƙe sharkaf, amma ya tarar wakensa ya yi yaushi, ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa, kamar an yi wata ba a ga ɗigo ba. Sai ya ce ƙasa ce ta gaji. Ta gaji ɗin, amma tona gindin wake ɗaya ka gani. Za ka iske wani ƙullutu manne da saiwar, da 'yan tsirrai farare suna neman hanyar fitowa. Wannan shi ne ƙuduji, wasu su ce wuta-wuta.

Ba irin na dawa da gero ba ne, mai tsawon nan da jan fure. Na wake gajere ne, yana fitowa curi guda a gindi, ganyensa 'yan mitsi-mitsi, furensa shuɗi-shuɗi ko fari. Ƙwayarsa kamar ƙura take, tsiro ɗaya na zubar da dubun dubata, kuma takan yi fiye da shekara 10 kwance a ƙasa. Ba ta tsira sai ta ji wani sinadari da saiwar wake ke fitarwa. Daga nan sai ta laƙe wa saiwar, tana zuƙe ruwa da abinci makonni kafin ido ya gan ta. Shi ya sa noma da fartanya bai cika ceton waken bana ba. Kafin a ga ɓarawon ya riga ya kwashe kaya. Ya fi ta'adi a jigawa mai yashi, irin ta arewacin Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram.

Duk da haka a tuge shi, domin baɗi ake yi wa aiki. Abin da ke ba ni haushi shi ne a tuge bayan ya yi fure a yar a kan kunya. Wannan ai shuka shi aka yi. A cire shi kafin fure, a tara a ƙone. A sa taki, a riƙa hutar da gonar daga wake. Cibiyar binciken noma ta Samaru da takwararta IITA sun fitar da irin wake masu jure masa, kamar SAMPEA 14 da SAMPEA 15. Kafin damina ta faɗi, a nemi malamin gona a tambaye shi inda za a same su.